Direban da Ba Ya Ɓarna In Ana Kallonsa

Sunan da aka raɗa masa ya daɗe da ɓata, ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno. Kowa Saura-Kiris yake ce masa. Ka kai masa waya ta mutu, saura kiris. Ka dawo bayan mako ka tarar da ita a buɗe kamar an yi mata fiɗa, saura kiris. Makarantar ma bai gama ba, saura kiris aka koro shi.

Ya fara da shagon kwafin takardu, inda aikinsa shi ne zaro takardar da ta maƙale a inji. Daga nan gyaran waya a bakin titi ƙarƙashin lema, daga nan wani shagon intanet da ya mutu a hannunsa, ko da yake ya rantse ba shi ya kashe shi ba. A can ya koyi abin da ya zama sana'arsa. In abu ya ƙi, ka kashe ka kunna. In ya sake ƙi, ka tambayi intanet. In intanet ta ƙi, ka yi fuskar wanda ya gane.

Da wannan ilimin ya samu aikin kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da kayan gini, masu siminti da rodi da tayil da kwanon rufi. Albashin dai ba a maganarsa a gaban surukai. Abin da ya riƙe shi shi ne ɗaki. Akwai wani ɗaki a bayan sito, da ƙofar ƙarfe da taga ɗaya mai kallon tulin rodi, Mai Kamfani ya ce duk wanda ke kula da kwamfuta ya zauna a ciki don ya zama kusa. Kafin wannan ɗakin, shi da matarsa a falon yayanta suke kwana, sai yara sun gama kallo a shimfiɗa musu tabarma. Ranar da suka tare, matar ta tsaya a tsakar ɗakin ta rufe ƙofa ta buɗe, ta sake rufewa ta sake buɗewa, don kawai ta ji daɗin cewa ba wanda zai ce mata ta bari. Ta rataye labule, ta jera tukwane a kan wani allon tayil da ya fashe. Yanzu ga ta da ciki ya tsufa, tana tafiya tana tura shi a gaba kamar baro.

Aikin kamfanin ba wuya a baki. A gaba akwai akawu biyu, Anti Kashiya da wani dogon saurayi da ake ce wa Dogo. Mai saye ya faɗi abin da yake so, su buga a kwamfuta, saƙon ya tafi babbar kwamfutar da ke wani ƙaramin ɗaki mai zafi kusa da ofis, inda rumbun bayanai yake. Daga can takarda ta fito a sito, Baba Sito ya karanta ya sa a loda mota. Tsakanin manhajar akawu da rumbun nan akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira direba. Ita ce ɗan aike, ta ɗauki saƙo ta kai rumbu, ta karɓo amsa ta dawo. Ba wanda ke ganinta, ba wanda ya san tana nan, sai ranar da ta fara hauka.

Haukar kuwa iri ɗaya ce. In kasuwa ta cika, Anti Kashiya da Dogo suka danna ajiyewa kusan tare, sai ɗan aiken ya haɗa saƙon wannan da na wancan. Sunan mutum daidai, kayan na wani.

Ranar da abin ya fashe, wani ɗan kwangila da ya sayi siminti aka kai masa mota cike da tayil ɗin banɗaki ruwan hoda, ga leburori ya tara sun zuba yashi suna jira. Ya zo da kansa, ya yi ihun da har karen maƙwabta ya yi shiru. Bayan ya tafi, Mai Kamfani ya kira Saura-Kiris ofis, bai ce ya zauna ba.

"Injiniya," ya ce, kuma in ya ce injiniya to ba yabo ba ne. "Me ke damun kwamfutar nan?"

"Ranka ya daɗe, na gano bakin zaren. Saura..."

"Kar ka ƙarasa. Wallahi ka ƙarasa kalmar nan sai na jefe ka da abin huda takarda. Ka saurare ni. Mota ta sake fita da kayan da ba nata ba, ko aiki ya tsaya saboda kwamfuta, ka kwashe tukwanenka daga ɗakina. Akwai masu digiri a waje suna neman inda za su sa haƙarƙari."

Ya fito. Ya shiga ɗakin babbar kwamfuta ya rufe ƙofa, ya zauna a kan bokitin fenti da ya zama kujerarsa.

Direban yana da wani fayil na saiti, 'yan layuka ne kawai, a cikinsu akwai wanda ke faɗa masa yawan rahoton da zai riƙa rubutawa game da aikinsa, abin da suke kira log. Lamba ce daga sifili zuwa shida. Sifili, ya yi aiki bakinsa a rufe. Ɗaya, sai in ya faɗi ya karye zai yi magana. Uku, yana gunaguni da gargaɗi. Shida kuwa tsohuwa ce mai ba da labarin tafiya, ba abin da za ta tsallake, daga ɗaura ɗankwali har inda ta taka kashin kaza. Wanda ya kafa musu manhajar ya bar ta a kan ɗaya. Saura-Kiris ya buɗe rahoton, fayau, ba ko layi. A wurin direban, ba a yi komai ba.

Ya mayar da lambar shida, ya ce yau zan kama ɓarawo da hannu a cikin tukunya.

Aka yi kwanaki ba ɓarawo. Kasuwa ta cika, akawu suka danna tare, kowace takarda ta fito daidai. Rahoto ya taru tuli, ya bi shi har idanunsa suka yi ja, ko'ina lafiya lau, an kai, an karɓo, an kai, an karɓo. Sai ya ce to ƙila ciwon ya warke da kansa, ya mayar da lamba ɗaya. Kafin azahar Baba Sito ya leƙo da takarda a hannu.

"Ɗana, wannan matar da ta sayi ƙusa kwali biyu, ita ce kuma za a kai wa rodi mota guda? Ko gidan sama za ta gina da ƙusar?"

Allah ya sa motar ba ta fita ba. Ya koma shida da gudu.

A hankali ya fahimci irin ramin da ya faɗa. In lamba tana shida, direban sai ya tsaya ya rubuta kowane saƙo kafin ya wuce da shi, don haka saƙonni ke bin layi ɗaya bayan ɗaya, ba sa cin karo. Rubutun da ya kunna don ya ga laifin, shi ne ke hana laifin faruwa. Ya gwada uku, direban ya yi ta gargaɗi a kan abubuwan da ba su shafi kowa ba, kuma ya haɗa fenti da kwanon rufi. Ya gwada biyar, aka kwana biyu lafiya, rana ta uku ya haɗa. Shida kaɗai ke riƙe shi, kamar yaron da ba ya sata sai an juya baya.

Ya kira lambar wanda ya sayar musu da manhajar, wata mata ta ɗauka ta ce nan shagon ɗinki ne. Ya tambayi intanet, ya samu mutum ɗaya a duniya da ya taɓa kawo irin wannan kuka shekaru da suka wuce. A ƙarƙashinsa amsa ɗaya ce, wani ya rubuta, ni ma haka.

Da a ce shida ba ta da kuɗin goro, da sai a bar ta a huta. Amma tana da biyu. Na farko, kwamfutocin gaba suka yi nauyi, Dogo ya danna ya jira, ya danna ya jira, masu saye suna tsaki. Na biyu ya fi muni. Rahoton yana kumbura kamar gawar jaki, kuma a faifai ɗaya yake zaune da rumbun bayanan. Yini ɗaya na ciniki sosai ya kusa cinye wurin da ya rage. In ya cika, rumbun ba shi da inda zai ajiye ko ƙusa ɗaya, komai ya tsaya. Tsohon direban nan bai iya share tsohon rahoto da kansa ba, kuma muddin yana aiki yana riƙe da fayil ɗin, ba ya gogewa. Sai an tsayar da komai, a goge, a tayar.

Haka rayuwarsa ta koma. Kullum da sassafe kafin a buɗe ƙofar kamfani, ya fito da silifas, buroshi a baki, ya tsayar, ya goge, ya tayar. Ba Lahadi, ba zazzaɓi. Aka yi rasuwa a dangin babansa a wani gari, ya yi ta'aziyya ta waya, har yau gwaggonsa ba ta amsa gaisuwarsa.

"Wai kai," in ji matarsa wata safiya tana miƙa masa shayi, "wannan abin da kake rubutawa kullum, wa ke karantawa?"

"Ba kowa."

"Kai ma?"

"Ni ma na daina."

"To a rubuta, ba a karanta ba, a goge, a sake rubutawa. Injiniya, ko dai aljanu kake yi wa aiki?"

"Ke dai ki yi addu'a aljanun kar su yi fushi. Su ke biya mana haya."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.

Sai kuma Dogo ya ƙara masa gishiri a ciwo. Yaron yana da ido, ya taɓa tsayawa a bayansa ya ga layin lambar. Wata rana da layi ya yi tsawo, masu saye suna zaginsa, ya lallaɓa ya buɗe fayil ɗin saiti ya mayar da shida sifili, ya kashe ya kunna. Kwamfuta ta yi gudu kamar an sa mata sabon jini, har Anti Kashiya ta ce Dogo ya fi injiniya injiniya. Da yamma Baba Sito ya tare mota a bakin ƙofa, an riga an ɗaure igiya, bututun ruwa za a kai wa mai siminti.

Saura-Kiris ya ci kwalar Dogo, duk da sai da ya yi ɗage kafin ya kai.

"Ɗakina kake so ka ci? Me na yi maka?"

"Sakar min riga, malam. Kai kana can cikin ɗaki kana shan zafi kai kaɗai, mu ake zagi iyayenmu a gaba."

A ranar ya yanke shawarar da ya ɗauka dabara ce. Akwai wuri na biyu da ake iya sa wa direban saiti, can cikin layin da ke tayar da manhajar a babbar kwamfuta, kuma abin da aka sa a can yana danne duk abin da ke cikin fayil. Ba a isa wurin sai ta wata baƙar taga da ake buga umarni da hannu, da kalmar sirri. Ya kafa shida a can, ya canza kalmar sirrin zuwa wata doguwa mai haruffa manya da ƙanana da alamomi, ya bar fayil ɗin a fili yadda yake. Dogo ya je ya yi ta wasa da shi in yana so. Ya kwanta ranar yana murmushi, ya ce yanzu duk kamfanin nan ba mai iya taɓa lambar nan sai ni.

Gaskiya ya faɗa.

Naƙuda ta zo da sassafe, kafin ya sa silifas. Ba irin wadda ake cewa bari a gama shara ba ce, matar ta durƙusa a bakin gado, ga jini. Ya manta da direba da uban direba. Mai gadi ya taro mota, suka yi asibiti, ya kira surukarsa a hanya. Sai da aka shige da ita, aka rufe ƙofa a fuskarsa, ya zauna a benci a baranda mai warin magani, sannan abin ya faɗo masa kamar buhun siminti. Bai goge ba. Rahoton jiya yana nan, na yau zai hau kansa, kuma yau ranar da 'yan kwangila ke ɗibar kaya ce.

Ya miƙe zai fita, wata nas ta tare shi.

"Kai ne mijin? Ta zubar da jini da yawa. Zo a gwada naka."

Jininsa ya dace. Aka kwantar da shi a wani gado mai sanyi, allura a hannun hagu, waya a hannun dama. Ya kira Baba Sito, don shi kaɗai ne ba zai kai ƙararsa ofis ba.

Goge rahoto aiki ne mai matakai, Baba ba zai iya ba. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin wuta biyu. A bar shida, faifai ya cika, komai ya mutu tabbas. A sauke lamba, rubutu ya tsaya, direba ya koma haɗa kaya, amma ƙila idon Baba ya kama kafin mota ta fita. Ya zaɓi ƙila.

"Baba, ka shiga ɗakin kwamfuta. Ka ga wani fayil mai hoton farar takarda a gefen hagu? Danna shi sau biyu."

"Na danna. Ya buɗe wani abu mai kama da wasan kati."

"Ba shi ba, Baba, na ƙasansa!"

"To ka daina yi min ihu, na haifi wanda ya girme ka. Yauwa. Na ga shida."

"Goge ta ka sa ɗaya. Ka ajiye. Sai ka ce su kashe manhaja su kunna."

Aka yi. Ya ji muryar Dogo daga nesa yana cewa har yanzu tana jan ƙafa. Sai a lokacin ya tuna. Fayil ɗin ai shi da kansa ya mayar da shi hoto kawai, shidar da ke aiki tana can bayan kalmar sirri. Ya rufe ido, ya ji kamar jinin da ake ja har da hankalinsa ake tafiya.

Surukarsa ta leƙo, gyale a karkace. "Kai wane irin mutum ne? 'Yata tana can tsakanin rai da mutuwa, kai kana nan kana lissafi da waya, ɗaya, shida, ɗaya, shida. Caca kake yi?"

"Inna, ɗakinmu nake tarewa."

"Ɗakin ya ci ƙaniyarsa!"

Ta fita. Ya mayar da wayar kunne ya ce, "Baba, ba Dogo wayar."

Dogo ya karɓa da murya mai sanyi irin ta wanda aka zo gidansa roƙo. "Injiniya da kansa? Ai na ɗauka an hana mu taɓawa."

"Dogo, don girman Allah. Ka yi min wannan, in dawo ka zage ni har dare. Buɗe baƙar tagar nan."

Ya fara karanta masa kalmar sirri harafi harafi. Babban wannan, ƙaramin wancan, alamar da ke saman maɓallin bakwai. Kansa yana juyawa, harshensa ya yi nauyi, nas tana cewa ya daina motsa hannu. Dogo ya buga, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Shi kansa Saura-Kiris ya fara shakka, don yatsunsa ne suka haddace kalmar, ba bakinsa ba, kuma yatsun suna nan asibiti.

"Tsaya," in ji Dogo. "Wani jan rubutu ya fito a gaba. Anti ta ce tata ma ta tsaya. Injiniya, komai ya tsaya."

Ta cikin wayar yana jin hon ɗin motoci a harabar kamfani, ɗaya ya fara, sauran suka amsa. Sai wani kira ya shigo a kan wannan, sunan Mai Kamfani. Ya kalli sunan yana haske yana ɗaukewa har ya gaji ya mutu. Ya kifa wayar a ƙirji.

Bayan azahar aka ce ya samu 'ya mace, uwar ta galabaita amma za ta tashi. Ya ga jaririyar ta gilashi, ja wur, ta dunƙule hannu kamar ita ma da wanda take jin haushi. Ya yi hamdala, ya sha lemon da nas ta tilasta masa, ya hau mota ya koma.

Gyaran bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Ya tsayar, ya goge, ya tayar. Amma harabar ta riga ta zama fayau, 'yan kwangila sun juya motocinsu zuwa wani kamfani tun da rana. Mai Kamfani yana tsaye a ƙofar ɗakin kwamfuta, hannu a baya. Bai yi ihu ba, da ma ya yi.

"Na ji an samu ƙaruwa. Allah ya raya."

"Amin, ranka ya daɗe. Wallahi da safe..."

"Na sani. Baba ya faɗa min har da jinin. Ba na ce kai mugu ba ne. Amma kamfanin da zai mutu don mutum ɗaya ya je asibiti, ba kamfani ba ne. Gobe wani zai zo, ka rubuta masa kalmar nan taka, ka nuna masa duk inda ka ɓoye abu. Ɗakin kuma, ba zan fitar da mai jego ba. Ranar da ta iya tafiya da ƙafarta, ku ba ni makulli."

Ya zagaya bayan sito don ya ɗauko mata zani da flas. A bakin ƙofar ƙarfen ya tarar da kwalayen tayil babu komai a ciki, masu kyau na haɗa kaya, an jera su an ɗora dutse a kai kar iska ta ɗauka. Baba Sito yana can nesa yana ƙirga rodi da ƙarfi, ya ƙi waiwayowa.

Da ya isa asibiti ta farka, jaririyar na gefenta, Inna ta fita wanke kwano. Ta dube shi sau ɗaya, daga fuska zuwa flas.

"An kore mu?"

"Ya ce sai ranar da kika iya tafiya."

Ta kalli silin, leɓenta a bushe. Sannan ta ja zani ta rufe ƙafafunta har yatsu.

"To ka je ka gaya masa likita ya ce ƙafar nan sai a hankali. Ka kuma nemo min sanda, mai kyau, wadda za a gani daga ofis."